Garin da Babu Mara Lafiya

Tukunyar tazargade tana ta huci a tsakar gida, Malam Mani ya duƙa a kanta, matarsa Kulu ta lulluɓe shi da tsohon gwado har ƙasa. Ba ka jin komai daga ƙarƙashin gwadon sai numfashinsa, yana ja ta baki yana fitarwa ta baki kamar wanda ya sha gudu. Da tururin ya fara sanyi ta yaye gwadon, ta tura masa kasko. Ya tsuguna ya yi ta fyacewa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, amma abin da ya fito bai cika cokali ba, ruwan ɗorawa mai kauri da zaren jini a ciki. Wari ya tashi ya cika gidan. Kulu ba ta kau da kai ba, ta ɗauki kaskon ta rufe da toka, ta kai bayan ɗaki.

Shekara uku ke nan ana haka. Kafin ciwon, Malam Mani shi ne ladanin Rafin Dinya, kuma in ya ɗaga murya da asuba har mutanen da ke hanyar Tsanyawa sukan ji. Abin ya fara ne kamar mura, sai murar ta ƙi tafiya. Goshinsa ya riƙa sara, in ya yi sujada ya ji kamar an cika masa fuska da yashi. Daga nan wani tsiro fari, mai santsi, ya leƙo ta ƙofar hancin dama, bayan damina ɗaya ɗan'uwansa ya leƙo ta hagu. Hancin ya toshe ruf, ya faɗaɗa, muryar nan ta koma ta ɗan akuya.

Mutanen Rafin Dinya kuwa, Allah ya ba su ƙyanƙyami, bai ba su kunya ba. Da farko suka ce muryar ba ta kai wa nesa, a hutar da shi. Sannan aka fara barin gurbin mutum biyu a gefensa a sahu, sannan aka ce ai ko a gida ya yi salla Allah yana karɓa. Maƙwabtan da suka shekara ashirin suna fito da akushi su ci tuwo tare da shi a ƙofar gida suka mayar da tabarmarsu can gindin wata bishiya, wai ta fi iska. Waɗannan fa mutane ne da ke wuni da hannu cikin takin jaki, su goge a riga su ci goro. Amma kowa ya hango Malam Mani sai ya kai hannun riga hanci, ya gaishe shi daga nesa kamar mai kiran wani a gona.

Magani kam an yi. An ɗiga man shanu, an shaƙa garin saiwoyi, an sha rubutu, an yi hayaƙi har gashin girarsa ya babbake. Sabo wanzami ya ce belu ne ya yi tsawo yana tura ruwa sama, ya cire belu. Abin bai tafi ba, ya ce mataccen jini ne, ya kafa ƙaho a kumatu biyu da goshi. A karo na uku ya ce to shi tsiron zai fizgo, ya sa a danne Malam Mani, ya zura masa ƙarfen cire belu a hanci ya yi ta lalube kamar mai neman guga a rijiya. Jinin da aka zubar ranar ya jiƙa zane biyu. Kwana tara Malam bai tashi ba, kuma kafin a girbe gero tsiron ya dawo, ya fi da girma. Sabo ya ce ai ciwon da hannun mutane a ciki, ya wuce abinsa da zabirarsa.

Abin da ya riƙe Kulu shi ne wata magana da ta ji a kasuwar Tsanyawa daga bakin Furera mai daddawa. Wan Furera ya yi irin wannan ciwo sak. Likitan Bature da ke yawon rangadi ya haska hancinsa da fitila, ya ba shi takarda zuwa asibitin birni. Can aka sa masa maganin da ya kashe wurin, aka zargo tsiron da wata siririyar waya aka ciro, aka wanke masa cikin kunci da ruwan magani. Furera ta ce mutumin yanzu har ƙanshin miya yana ji daga zaure. Tun daga ranar Kulu ba ta da wata addu'a sai Allah ya kawo likitan nan garinsu, ya ɗora ido a kan mijinta ko sau ɗaya.

Tana wanke hannu ke nan aka yi sallama daga bayan zana. Mati ne, ƙanin Mai gari Muntaka, wanda shi ne bakinsa kuma shi ne ƙafarsa. Ya tsaya can inda ya saba tsayawa, bakin rawaninsa a kan hanci.

"Ladan, kana ciki? Saƙon Mai gari ne. Gobe likita zai zo da 'yan lamba, masu rigakafin agana. Duk mai ciwon da ido ke gani, da hantsi ya tafi bukkokin gona na hayin rafi, ya zauna can sai mota ta tashi."

Kulu ta bar wanke hannun, ta kasa kunne. Malam Mani ya miƙe yana dafa bango, ya matsa jikin zana.

"Mati, likita zai zo, kuma masu ciwo ne za su bar gari? To wa zai duba?"

"Kai ma ka san abin da ya sami mutanen Gidan Kanya bara waccan. Yaro ɗaya aka gani da ƙuraje aka ce agana ce, aka rufe musu kasuwa kwana arba'in, aka ƙone ɗakuna, Hakimi ya kira dagacinsu ya wanke shi tas a gaban jama'a. Kai, in Bature ya ga wannan hancin naka, me zai rubuta? Kuturta zai rubuta, ya ja mana."

"Ba kuturta gare ni ba, kai ma ka sani."

"Ni na sani, takarda ba ta sani ba."

"To ka gaya wa Mai gari, da girmansa, ba inda za ni," in ji Malam Mani. "An hana ni masallaci na yi shiru, an hana ni tabarma na yi shiru. Gobe kam ko da rarrafe sai na je gaban mutumin nan. In aka tare ni kira zan yi, muryar ta lalace amma ba ta mutu ba."

Mati ya yi tsaki, ya tofar da yawu, ya tafi. Kulu ta dubi mijinta, ta ga yana haki saboda 'yar maganar nan da ya yi. Ta shiga ɗaki ta ciro farar rigarsa ta Juma'a daga cikin adudu, ta kakkaɓe ta, ta rataye a igiya ta sha iska.

* * *

Tun da sassafe aka kora matan gari share dandali da cika randuna. Bazara ce, irin wadda rana ke fitowa da fushinta, rumbuna duk sun yi ƙasa, gonaki an share ana jiran ruwa. Kulu ta bar Malam yana sa riga, ta ce masa ya jira ta dawo su fita tare. Aka share ƙarƙashin tsamiyar ƙofar Mai gari, aka yayyafa ruwa, aka kwashe kashin awakin da ya shekara a nan ba wanda ya dame shi. Bola guda da ke bakin hanya aka rufe ta da sababbin zana. Garin ya yi fes, kai ka ce kullum haka yake.

Da ta koma gida ta tarar da zaure a buɗe, buta a kife, takalmin Malam ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ta fito da gudu ta ci karo da Mati yana tafe ba rawani, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ina Malam?"

"Yana inda 'yan'uwansa suke. Ke wuce layin mata, ga ƙarar mota can."

"Ya ce ba za shi ba."

"To ya je. Ki kama bakinki, Kulu, in kina son zaman garin nan."

Ta tsaya tana duban hayin rafi. Tafiya ce mai ɗan nisa, in ta je ta dawo da mutum mai haki, watakila likita ya tashi. Ta yanke shawara gara ta fara isa gaban likitan ta faɗa masa, in ya so shi ya sa a ɗauko Malam. Da wannan ta shiga layi.

An ajiye wa likita tebur da kujera a inuwar tsamiya, bayansa katangar gidan Mai gari da manyan rumbunan ƙasa guda uku masu hular ciyawa. Baturen dogo ne, ja kamar gauta, yana ta fifita da hularsa. Mai yin aikin na gaske wani malamin asibiti ne Bakano, Malam Tasi'u, shi ke yi wa mutane lamba a dantse, shi ne kuma tafinta. Mai gari Muntaka ya sha babbar riga har biyu a wannan zafin, Liman na damansa, Sabo wanzami na bayansu ya ɓoye zabirarsa a gida.

Likita ya yi magana, Malam Tasi'u ya juya. "Yana tambaya, akwai marasa lafiya a garin? Masu gyambo, masu tari, masu ciwon ido, kowane iri."

"Babu, zaki," in ji Mai gari. "Mu nan Allah ya rufa mana asiri. Ko ciwon kai sai mu yi wata ba mu ji ba."

Dattawa suka amsa da "Haka ne, haka ne," suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Kulu ta bi su da kallo. Rabin waɗanda ke gyaɗa kan nan suna da uwa ko ɗa ko mata a hayin rafi a wannan lokacin.

Layi yana tafiya a hankali, rana tana hawa. Can sai aka ji wani abu yana bugun rumbun tsakiya daga ciki, dum, dum, a daddafe. Likita ya waiwaya. Mai gari ya yi 'yar dariya ya ce gafiya ce, sun addabi gari bana, kuma ya sa makaɗinsa ya ɗan taɓa kalangu don baƙo ya ji daɗi. Kulu ma ta ji bugun, amma hankalinta yana kan abin da za ta faɗa, tana ta maimaita shi a zuci kada ya tsere mata.

Da aka zo kanta, Malam Tasi'u ya kama dantsenta ya goge. Ta yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah, maigidana ne ba lafiya. Hanci ne, shekara uku. Wani abu ya tsiro masa a ciki."

Ya ɗago ya dube ta. "Ɓangare ɗaya ko duka biyun?"

"Duka biyun."

"Yana jin ƙanshi? In ya sunkuya goshin yana sara? Abin da ke fita yana wari?"

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, idonta ya cika da ƙwalla, don tun da aka fara ciwon nan ba wanda ya taɓa tambayarta yadda yake. Kowa dai ya san warin, shi ke nan.

"Wannan ai sananne ne, Inna," in ji shi. "Ba kuturta ba ce, ba kuma ya yaɗuwa. Ana cirewa a birni, a wanke wurin, mutum ya koma gonarsa. Ina yake? A kawo shi likita ya haska yanzu."

Ya faɗi haka da ƙarfi, kowa ya ji. Har mai kalangu ya tsaya. Kulu ta juya wajen Mai gari, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a ɗauko shi."

Mai gari bai ko dube ta ba, Malam Tasi'u ya yi wa magana. "Malam, kada ka wahalar da likita. Mijin wannan ya tafi ci-rani tun kaka. Ita kuma tun da ya tafi kanta ya ɗan taɓu, haka take tare baƙi tana ba su labari."

"Wallahi da safen nan na bar shi yana sa riga! Liman, kai ka faɗa, ba jiya ka wuce shi a ƙofar gida ba?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kamar an tambaye shi abin da ya faru a Masar. Sabo wanzami ne ya fi kowa ɗaga murya, ya ce shi da ke aske kan kowa a garin ai da ya san mai irin wannan ciwo. Wasu mata biyu suka kama Kulu ta kafaɗa suna cewa "Sannu, sannu, zo ki sha ruwa," da irin muryar da ake lallashin mahaukaci. A cikinsu har da wadda Kulu ta yi wa wankan jego.

Likita ya tambayi abin da ake ciki, Malam Tasi'u ya gaya masa a taƙaice, Baturen ya ɗaga kafaɗa ya duba agogo. Amma Malam Tasi'u ya zaga garuruwa da yawa, ya san irin wannan lafiyar. Ya yagi 'yar takarda ya yi rubutu, ya kai wa likita ya sa hannu, sannan ya kira Kulu wai bai gama yi mata lamba ba. Yana riƙe da dantsenta ya cusa mata takardar a tafin hannu.

"In ya dawo daga ci-ranin," ya ce a hankali, "ki kai shi asibitin birni, Litinin ko Alhamis. Ki nuna wannan a bakin ƙofa. Kada ki bari kowa ya sake sa masa ƙarfe."

Kulu ta ƙulle takardar a bakin zane, ta koma gefe ta zauna a rana. Duk abin da aka yi mata ya zama ba komai ba. Ta fara lissafin hanya: su kwana Bichi wajen ƙanwarta, in Malam ya gaji a nemi aron jaki. Har ta ji tana son yin dariya.

Ba a tashi da wuri ba. Mai gari ya sa an kawo ƙwai da kaji da tulun nono, ya yi jawabi, dattawa suka yi nasu. Aka yi azahar, aka dawo. Rumbun tsakiya ya daɗe da yin shiru. Daga ƙarshe likita ya rufe littafinsa ya yi magana, Malam Tasi'u ya juya ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ya ce a duk rangadin nan bai ga gari mai tsabta da lafiya kamar wannan ba. Zai gaya wa Hakimi."

Aka yi guɗa. Maroƙi ya wasa Mai gari, yara da manya suka raka mota har bakin gari.

* * *

Bayan la'asar marasa lafiyar Rafin Dinya suka fara dawowa daga hayin rafi. Kulu ta tsaya a bakin hanya da ƙwaryar ruwa tana dubansu. Ga tsohuwa Huseina da ƙafarta mai gyambo an naɗe da ganye, ga makaho riƙe da sandar mai tari, ga wata yarinya da ido ya kumbure an goyo ta. Sun fi ashirin, sun wuni ba inuwar kirki, leɓunansu sun bushe. Suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe.

"Inna Huseina, ina Malam?"

"Wane Malam? Ladan? Ai bai zo ba, 'yar nan. Mu ba mu gan shi ba."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta. Ta juya ta nufi ƙofar Mai gari, tun daga nesa ta hango an jingina tsani a rumbun tsakiya, an ɗage hular ciyawar an ajiye a ƙasa. Mati yana bisa tsanin yana leƙa ciki, ya toshe hanci da hannu.

"Ladan! To fito, sun tafi. Kai Ladan, bar wasan nan!"

Sai da mutum biyu suka shiga da igiya aka ciro shi. Aka shimfiɗe shi a inda teburin likita ya tashi. Farar rigar Juma'ar ta yi baƙi da gumi da ƙaiƙayi, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar jaki, diddigensa duk sun sale saboda dukan bango. Rawanin Mati kuwa an cusa masa wani sashi a baki, an naɗe sauran an zagaya ƙeya sau uku an ƙulle. Idanunsa a buɗe suke, sun yi ja.

Kulu ta durƙusa a kansa. Ta taɓa ƙirjinsa, ta taɓa wuyansa, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, muryarta ba ta ko rawa.

"Wa ya ɗaure masa baki?"

Mazan suka dubi juna. Mati ya sauko daga tsanin yana goge hannu a riga.

"Ihu yake ta yi, ga mota ta taho, ya za mu yi? Ba wanda ya doke shi, Allah ya gani. Baki kawai na rufe." Ya duba fuskokin mutane yana neman mai tayawa. "Ai na bar masa hanci."

Har ga Allah yawancinsu ba su ga inda kuskuren yake ba. Shekara uku ba wanda ya matso kusa da Malam Mani har ya lura cewa ta baki kaɗai yake numfashi.

Mai gari ne ya fara gyaran murya. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, kwana ya ƙare, ciwon nan dama ya ci jikinsa. Sabo ya ce shi tun bara ya faɗa. Liman ya ce zafi ake yi, gara a hanzarta kafin magariba, sannan aka shiga 'yar muhawara a kan wanda zai yi wanka, kowa yana tuna wani uzuri.

Kulu ba ta jin su. Ta tallafo kan mijinta ta ɗora a cinya, tana ƙoƙarin kwance rawanin. Ƙullin ya jiƙe ya ɗame, farcenta ya kasa. Ta sunkuya ta kafa haƙori a jikin ƙullin, kumatunta a kan nasa, tana ja a hankali kada ta ji masa ciwo.

Mazan suka ja da baya, suka koma ta inda iska ke fitowa. Wani daga cikinsu ya juya ya tofar da yawu.